Mai Walda da Jirgin Soso

Yayana mai walda ne, kuma duk danginmu babu wanda ya kai shi tsoro. Wanda ya gan shi ba zai yarda ba, don ƙato ne, kafaɗunsa sun cika ƙofa, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ba ya tsoron mutane, ba ya tsoron duhu. Abin da yake tsoro shi ne kada abu ya karye. Tun muna yara haka yake. Idan aka sayo mana motar wasa, ni kafin la'asar na cire wa tawa tayoyi, shi kuwa sai ya naɗe tasa da waya ya tura ƙarƙashin gado, har ya girme ta bai taɓa gara ta a ƙasa ba.

Da aka kai shi koyon walda, sai ya faɗa sana'ar da ta dace da halinsa. In ka ba shi aikin ƙofa, sai ya ƙara mata ƙarfe ba tare da ya caje ka ba, ranar kafawa kuma sai an tara ƙarti kafin ta ɗagu. Ya taɓa yi wa mahaifiyarmu kujerar zama a kicin, har ta rasu ba wanda ya iya matsar da ita, zagaye ta ake yi da tsintsiya. Ni ina da ɗan shagon kayan ɗinki a jikin wurin aikinsa, kantar da ya haɗa mini don zare da maɓallai za ta iya ɗaukar injin mota. In na tsokane shi sai ya ce, "Ki yi dariyarki. Ta taɓa faɗowa?" Ba ta taɓa ba, shi ya sa ba na cin sa gardama.

Muna yi masa dariya har lokacin da abin ya daina ba da dariya. Ɗansa na fari da sikila aka haife shi, yaro mai ƙiriniya da ba ya zama wuri ɗaya. Wata rana ya buga ƙwallo cikin ruwan sama, ya dawo a jiƙe, ciwon ya tashi, aka kai shi asibiti, bai dawo gida ba. Ƙanwarsa, wadda muke kira Tsigi saboda ƙanƙantarta, ita ma da ciwon ta zo duniya. Tun daga rasuwar wanta Yaya ya hana ta ɗaukar komai. Jakar makaranta shi ke riƙewa har ƙofar aji. Ko kofin ruwa ta ɗauka sai ka ji muryarsa daga tsakar gida, "Ajiye, kar ki gaji." Da walda tana kama jikin mutum, na tabbata da ya ƙara mata ƙarfe a kowace gaɓa.

Haka yarinyar ta taso, daga gado sai taga, daga taga sai asibiti. A hanyar dawowa daga asibitin ne ma ta fara ganin jiragen. Akwai wani fili a bayan tsohuwar masana'anta da aka rufe, inda wasu mutane ke haɗuwa ƙarshen mako suna tayar da ƙananan jirage da rimot. Tsigi ta manna fuska a gilashin mota, ba ta roƙi a tsaya ba, don ta saba da ba a barin ta. Uwarta ce ta kafe sai an tsaya. Yaya ya zagaya filin, ya duba ko akwai rami, ko ƙaya, ko kare, ya ga dai wasa ne da ake yi a tsaye, ba gudu ba tsalle, sannan ya yarda.

Wani dattijo da ake ce wa Malam Farfela shi ne babban filin. Makaniki ne da ya ajiye aiki, kuma shi ke koya wa yara. Ya samo mata jirgin koyo na hannu, mai faffaɗan fiffike a samansa, wanda ke tafiya a hankali har Tsigi ta raɗa masa suna Kunkuru. Da farko Malam Farfela yana haɗa rimot ɗinsa da nata da waya, in ta rikice sai ya karɓa. Kafin shekara ta zagayo ya cire wayar, ya ce hannunta ya faɗa. Ni ban ce jirgi magani ba ne. Amma na ga yarinyar da ake lallashi kafin ta ci loma ta fara neman ƙari, na ji ta tana dariya da ƙarfi har daga shagona. Yaya ne ke ɗaukar jirgin daga mota, shi ke jefa shi sama da hannu, ita nata riƙe rimot kawai.

Sai wata rana iska ta taso ba zato, ta kwashi Kunkuru ta maka shi a bangon masana'antar. Bai bar abin gyara ba. Tsigi ta fashe da kuka, Yaya kuwa ya tattara gutsattsarin a buhu, ya ce, "Shi ke nan, mun gama da wannan filin." Ya sa ta a mota muka dawo.

Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Abinci sai an yi da gaske, ruwan da likita ya ce ta riƙa sha da yawa ma sai an tsaya a kanta. Ba a jima ba ciwon ya samu ƙofa. Duk wanda ya taɓa jin kukan mai sikila in ƙasusuwa suka tashi ba ya so ya sake ji. A barandar asibiti na samu Yaya zaune a benci ya haɗa kai da gwiwa.

"Kin gani ko?" ya ce da ni. "Jirgin ya karye, ita ma ta karye."

"To a saya mata wani mana, Yaya."

"In shi ma ya karye fa? Ba na jin za ta iya ɗaukar na biyu. Ni ma ba zan iya ba."

Ya daɗe yana juya maganar. In bai sayo ba, yarinya tana kwance tana kallon bango. In ya sayo ya karye, a ganinsa gadon asibiti ne ke jiran ta, ko abin da ya fi shi, wanda ba ma ambata a gidan. Da aka sallame ta Malam Farfela ya zo dubiya, ya ce mata, "'Yata, ai dama kin girmi Kunkuru. Lokacin jirgi na biyu ya yi." Idon Tsigi ya koma kan babanta. Yaya ya kalli ƙasa, can ya ce za a duba.

Ni na raka su shagon da ake sayar da jiragen, don Yaya bai iya ciniki ba, in mai kaya ya faɗi farashi sai ya ji kunyar ragewa. Ga shi asibiti ya riga ya cinye abin da ke hannunsa. Shagon yana saman bene, jirage na reto daga silin. Mai shagon, wani saurayi mai tabarau, ya fara da tambaya ko rimot ɗin tsohon jirgin da baturansa suna nan. Da muka ce suna nan, ya ce, "To an sauƙaƙa muku. Gangar jikin kawai za ku saya, rimot ɗin zai yi aiki da sabon."

Yaya bai saurare shi ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wani ƙaton jirgin katako na hannu, mai injin fetur. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ji sautin ya yi masa. "Wannan shi ne kaya," in ji shi.

"Maigida, wannan ba na yara ba ne," mai shagon ya ce. "Ya fi ƙarfin aljihun da ka faɗa mini, kuma farfelarsa a gaba take, in ta samu yatsa sai dai a tsinto shi."

Yaya ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Tsigi ta ɗan tsaya gaban wani mai fentin jirgin yaƙi, tana shafa shi da ido, amma da kanta ta ce wannan ya yi mata gudu, sai nan gaba. Daga nan mai shagon ya sauko da wani fari, mai dogon fiffike, farfelarsa a bayan fiffiken. Ya nuna mata wasu 'yan faifai masu motsi a gefen fikafikan, ya ce da su jirgi ke kwantawa gefe ya yi juyi, abin da Kunkuru bai iya ba. Kuɗinsa kuma daidai da mu.

Yaya ya karɓa, ya auna shi a tafin hannu, fuskarsa ta canza. "Wannan ai soso ne. Irin wanda ake cusawa a kwalin firij."

"Shi ne amfaninsa, Maigida. Jirgi na biyu shi ne na koyon juyi, mai koyon juyi kuwa dole ya faɗi. Wannan in ya faɗi gam zai tashe shi. In fiffike ya lalace, ga su can a kanta ana sayarwa daban."

Duk cikin wannan bayani abin da ya shiga kunnen Yaya kalma uku ce, dole ya faɗi. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Amma Tsigi ta riga ta ce, "Baba, shi nake so," kuma rabon da ta ce tana son wani abu an daɗe. Ya biya, ya ɗauki kwalin da kansa.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, shi ya ba ni labari daga baya. Washegari da rana, Tsigi tana makaranta, ya janyo ƙofar wurin aikinsa, ya ɗora jirgin a kan teburin ƙarfe. Ya ce kallo kawai ya yi niyya. Ya danna hancin da babban yatsa, soson ya lotsa, gabansa ya faɗi. Sai ya yanko siririn rodi, ya goge bakinsa ya yi tsini don ya ratsa soson ba tare da ya farfasa shi ba, ya zura shi daga wutsiya har ƙarshen hanci. Ya zura wani a cikin fiffike. Ya sha ganin Malam Farfela yana ɗora jirgi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike don ya ga ko gaba da baya sun daidaita, kuma mai kafa ƙofa ba a koya masa daidaito. Da ya ga wutsiya ta rinjaya, sai ya narka dalma ya zuba a hanci har ya tsaya cak. Ya toshe ramukan, ya shafe da farin fenti, ba ka ganin komai. Aiki ne mai tsabta, irin nasa. Ya ce ranar ce ya fara cin abinci da daɗi tun da aka kwantar da yarinyar.

Da wani ya ɗaga jirgin nan sau ɗaya da asiri ya tonu. To amma wa zai ɗaga? Tsigi ba a barin ta ta ɗauki kofi, balle jirgi. A filin ma, da muka isa ƙarshen mako, Malam Farfela yana can yana fama da wani yaro da injinsa ya ƙi tashi. Yaya ya ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu, yatsun da suka saba da ƙarfe, ya ɗaga masa. Malam ya hango ya daidaita, ya ɗaga hannu alamar a ci gaba.

Filin ya cika ranar. Yara na guje-guje, wata mata ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiya kusa da motoci tana shayar da jariri. Tsigi ta gyara tsayuwa cikin rigar sanyinta, ta ce, "Baba, jefa."

Ya jefa. Maimakon jirgin ya yi sama sai ya nutsa, cikinsa ya kusa shafar ciyawa. Tsigi ta tura sandar rimot mai ƙara wa injin wuta har ƙarshe, injin ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, sannan da ƙyar ya fara hawa. Da ya hau kuma sai ya zama wani abu daban. Kunkuru yakan yi yawo ne a sama kamar mai shan iska, wannan kuwa wucewa yake fuu, kafin ka juya kai ya kai ƙarshen fili.

"Baba, yana da nauyi," Tsigi ta ce, idonta a sama. "Me ya same shi?"

Ta ɗan rage wuta, nan take fiffike ɗaya ya faɗi, jirgin ya karkato kai ƙasa ya nufo wajen motoci. Ta mayar da wuta, ya wuce saman bishiyar da matar take, har ganye ya motsa. Matar ta ɗaga kai ta yi murmushi, don a saninta soso ne, ko ya faɗo mata bai wuce ta kaɗe shi ba. Duk filin haka suka ɗauka. Mutum ɗaya ne ya san cewa abin da ke yawo a kan yaran nan ƙarfe ne mai tsini da dalma a bakinsa.

Malam Farfela ya taho da sauri yana cewa, "Me ya sa yake gudu haka? Wane batir kuka sa masa?"

"Malam," Yaya ya ce. "Akwai rodi a cikinsa."

"Akwai me?"

"Rodi. Da dalma a hanci. Ni na sa."

Malam Farfela bai tsaya zagi ba. Ya juya ya ɗaga murya, "Kowa ya koma bayan motoci! A ɗauke yara!" Fili ya hargitse, iyaye na fizgar 'ya'yansu, matar nan ta suri jaririnta ta bar tabarma da takalmi. Ni ma na so in gudu, amma ƙafata ta ƙi, don Tsigi tana tsaye a tsakiyar fili, 'yar mitsitsiya, kuma jirgin in ya zagayo ta kanta yake bi.

Malam ya tsaya a kafaɗarta. "'Yata, ki ba ni?"

"A'a, Malam. Hannuna ya riga ya ji shi. In na saki zai faɗo."

Malam ya ce, "Gaskiyarki. Kar ki rage wuta. Ba zai sauka a hankali ba, kar ma ki gwada. Kai shi can ƙarshe, wajen doguwar ciyawa, ki ajiye shi a can."

"Zai karye."

"Zai karye. Kai shi."

Rimot ɗin ya fara ƙara, alamar batir ya kusa ƙarewa, don injin tun tashinsa yake aiki da dukkan ƙarfinsa. Yaya ya durƙusa a ƙasa. Ina jin sa yana ambaton Allah, yana kuma kiran sunan ɗansa da ya rasu, ban san ko ya san yana yi ba. Tsigi ta kwantar da jirgin gefe, juyin da aka sayo shi domin ta koya, ta zagayo da shi nesa da motoci, ta miƙa shi ƙarshen fili. Da ya kai saman ciyawar ta kashe wuta. Muka ji tim, sannan shiru.

Ta ajiye rimot ta nufi wurin da ƙafa, muka bi ta. Jirgin ya kafe a ƙasa da hanci, rodin ya nutse har sai da Malam Farfela ya sa hannu biyu kafin ya zare shi. Soson ya tsage daidai inda ƙarfen ya bi. Malam ya juya rodin a hannunsa, ya dubi tsinin, ya dubi inda yaran suke leƙowa daga bayan motoci. "Baban Tsigi," ya ce a hankali, "da a kan wani ya sauka fa?" Ya miƙa masa rodin.

Yaya bai ko iya kallonsa ba. Yarinyar yake kallo, yana jiran abin da ya sani, kukan, da kwanciyar, da barandar asibiti. Ya tsuguna a gabanta, ƙato guda, hawaye na bin gemunsa.

"Ki yafe mini. Tsoro na ji kada ya karye ki sake kwanciya."

Tsigi ta dube shi da mamaki. "Baba, ai ba don Kunkuru ya karye na kwanta ba. Jirgin kowa yana karyewa a nan, na Malam ma ya sha karyewa. Cewa ka yi mun gama da filin."

Ban taɓa ganin magana ta daki mutum haka ba.

"Yanzu ma mun gama?" ta tambaya.

"A'a," ya ce. "Ba mu gama ba."

Ta sunkuya ta fara tattara gutsattsarin. Ta ɗauki gangar jikin, ta haɗa da fiffiken da ya rabe biyu, ta rungume su a ƙirji ta kama hanyar mota. Na ga bakin Yaya ya haɗa kalmar da ya saba, ajiye, har ta zo leɓensa. Ya haɗiye ta. Ya biyo ta a baya da rodin a hannu, yana kallon kowane takunta.

Gam ya tashi jirgin kamar yadda mai shago ya faɗa, fiffike kawai aka sake. Malam Farfela ya kafa sharaɗi cewa daga ranar Tsigi ce za ta riƙa ɗauko jirginta daga mota ta kawo masa ya ɗaga da hannunsa, kuma bai yarda a kai shi ko ƙofar wurin walda ba. Yanzu jikin jirgin duk tabon gam ne da salatif, ya faɗi ya fi a ƙirga.

Kada wani ya ɗauka Yaya ya warke. Ƙofofinsa har gobe sai an tara ƙarti, ciwon Tsigi kuma yana nan, yakan tashi in ya ga dama. Duk ƙarshen mako yana tsaye a bayanta a filin nan, gumi na zuba, in jirgin ya yi juyi sai ya runtse ido. Na taɓa ce masa in abin yana wahalar da shi haka ya zauna a gida, ni zan riƙa kai ta. Ya girgiza kai, ya ce a gida ma tsoron yake ji, gara ya ji shi a inda yake jin dariyarta. Sannan ya cusa hannuwansa a aljihu, don tun da aka hana su ɗaukar jirgin bai san inda zai sa su ba.